Kwana Ukun da Motar Mandok Ta Ƙi Tashi

"Murɗa makullin sau biyu ka tsaya. Kada ka tayar."

Na murɗa. Fitilun gaban sitiyari suka kama, ja da ruwan ɗorawa.

"Yi shiru."

"Ai ban ce komai ba, Yaya."

"Numfashinka ya fi injin tarakta ƙara. Riƙe shi."

Na riƙe numfashi. Maƙwabcina Tak Mandok yana tsaye a jikin ƙofar baya, ya dafa rufin motar da hannu ɗaya, ya karkata kunne wajen ƙasan kujera, inda tankin mai yake. Mota mai injekta, da ka murɗa makulli, famfon mai yakan yi ɗan kuka kamar na ƙudan zuma, na daƙiƙa biyu, kafin komai. Shi da kansa ya koya mini haka tun shekarun baya. Ran nan kuwa ba mu ji komai ba, sai karen gidan mai wanki da guga da ke haushi can gangaren layi.

Ya daɗe a sunkuye. Da ya ɗago, sai da ya yi tari har idonsa ya kawo ruwa.

"To. Tayar mu ji."

Sitata ta juya injin da ƙarfinta, gir-gir-gir, amma bai kama ba. Na sake, haka.

"Ya isa, za ka kashe mini batir. Fito ka ɗauko akwatin sifana."

Shekara talatin da ɗaya katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nasa. Ni Gil Yongdal, raba wasiƙu na yi har na ajiye aiki. Babur na sani, ban taɓa tuƙa mota ba. Shi kuwa ya girme ni da shekara tara, kanikanci ya yi tun yana saurayi: da farko manyan motocin mahaƙar kwal, da aka rufe mahaƙar kuma ya buɗe gareji a bakin gada. A garinmu in mota ta gagari kowa, wurinsa ake jawo ta. Yakan gane ciwon inji daga tsallaken titi. Ƙurar kwal ɗin nan ta ƙuruciya ita ta zauna masa a huhu ta jira shi, kuma a farkon kakar shekarar likita ya gaya masa gaskiya, cewa ba lallai ya ga ƙarshen hunturu ba. Hannunsa ya fara rawa, ba ya iya riƙe noti. Shi ya sa ya kira ni in zama hannunsa.

Inda yake son zuwa kuwa Tongyong ne, can bakin teku a kudu, tafiyar awa biyar. Can 'yarsa Unsil take, kuma shekara tara rabon da ya sa ta a ido. Lokacin da matarsa ta kwanta ciwo, Unsil ce ta bar aikinta ta dawo gida ta yi jinya shekara huɗu cur. Ita ce wanka, ita ce ba da abinci a baki, ita ce kai uwar asibiti duk Talata a wannan farar motar. Da aka cika kwana arba'in da tara da rasuwar, Mandok ya tara dangi ya ce gida da gareji na Jeguk ne, ɗansa namiji.

Unsil ta ce, "Ni fa, Baba?"

Ba gidan take so ba, kowa a ɗakin ya san haka. So take ya ce mata ko da sannu ce. Shi kuwa ya ce, "'Ya mace in ta yi aure baƙuwa ce."

A gabana ya faɗa, ina riƙe da kofin giyar shinkafa. Ta tashi, ta sa takalmanta, ta bar makullin motar a kan tabarmar bakin ƙofa. Daga ranar ba ta sake kira ba, lambar wayarta ma ta canza. Abin da ya rage a hannunsa shi ne adireshinta, a jikin wani tsohon kwali na busasshen kifi da ta taɓa aiko wa uwarta.

Na ce masa ya hau bas. Ya ce sau uku ake canza bas, shi kuwa matakalar gidansa ma sai ya huta sau biyu. Na ce to tasi.

"Shekara arba'in da shida ina tayar da matattun motoci, sannan in je gaban 'yata a motar haya kamar buhun dankali? Kuma motar ai tata ce. Kai mata zan yi. In na isa, ba sai na dawo da ita ba."

Ni kuwa na san abin da ya hana motar tashi. Gara in faɗa tun yanzu.

Kwana biyu kafin nan, da sassafe, na buɗe taga don in ga ko sanyi ya kama kabejin da matata ta jera a tsakar gida. Sai na hango Jeguk a bakin ƙofar ubansa, inda motar take ajiye rabinta a layi, ya ɗaga bonet. Ya zare wani ɗan baƙin abu kamar kwalin ashana daga akwatin fiyus, ya sa a aljihu, ya ciro wani irinsa ya cusa a gurbin. Da ya rufe bonet, muka haɗa ido. Bai daburce ba. Ya tako har gindin tagata ya rusuna.

"Kawu, an tashi lafiya?"

"Me ka cire a motar babanka?"

"Kawu, likita ya ce in ya yi tafiyar awa biyar, gawarsa za a sauke. Kun san shi, ba ya jin magana."

"To ka kai shi da kanka mana."

"In rufe gareji? Kuma Unsil ta ce ba ta son ganin kowa a cikinmu. Ni ko lambarta ba ni da ita. In ya je ta rufe masa ƙofa fa? Wannan ya fi ciwon kisa." Ya sassauta murya. "Ku dai taya shi wasa da sifana kwana biyu. Zai gaji ya haƙura."

Maganarsa ba ta rasa gaskiya ba. Amma duk garin an san sabuwar hanya za ta ratsa filin da ke bayan gareji, kuma filin nan shi kaɗai ne ya rage da sunan tsohon, hatiminsa kuma yana aljihunsa kullum, in ya ga dama ya buga shi a takarda ya mallaka wa Unsil filin. Dalilai biyun duka na sani. Na ɗauki na likitan na riƙe, don shi ya fi sauƙin haɗiyewa.

Ranar farko muka fara da batir. Ya zauna a kan kujerar roba, an lulluɓe masa gwiwa da bargo, yana ba da umarni da tsinin sandarsa.

"Abu huɗu inji yake nema: wuta, mai, iska, matsi. In ya ƙi tashi, ɗaya daga cikinsu ya ɓace. Ba aljani, ba tsautsayi. Goge kan batir ɗin nan, ya yi gansakuka kamar haƙoranka."

Na goge. Ya sa na zaro fiyus ɗin famfon mai na ɗaga shi a rana. Zaren cikinsa lafiya lau. Ɗan baƙin abin da Jeguk ya canza yana nan kusa da yatsana, tazarar ƙwayar wake. Na jira ya ce in taɓa shi.

Sai ya ce, "Rufe akwatin. Mu duba wuta."

Muka cire filogi ɗaya, ya sa na jingina shi a jikin inji da filaya, shi kuma ya lallaɓa ya murɗa makulli. Tartsatsi shuɗi ya yi ta tsalle, tas-tas-tas. Hannuna ya kuskure, wutar ta fizge ni har gwiwar hannu, na yar da filayar ina zagi. Mandok ya yi dariya har tari ya turnuƙe shi.

"Ka ga amfaninka ke nan. Yanzu mun tabbata akwai wuta."

"Da ka faɗa mini zai ja ni!"

"Da na faɗa, da ba ka riƙe ba."

Filogi huɗun duka muka cire, muka goge, muka mayar. Kafin mu gama rana ta faɗa bayan dutse, sanyi ya sauko. Ya ce gobe.

Rana ta biyu ya fito a makare, leɓɓansa sun yi duhu. Ya miƙo mini doguwar sukudireba.

"Ɗora bakinta a kan injekta ta farko, ka manna ƙotar a kunnenka. In na murɗa, gaya mini abin da ka ji."

"Ƙas-ƙas-ƙas, kamar agogo."

"Tana buɗewa ke nan. Ta biyu."

Duka huɗun suna ƙas-ƙas. Ya sa na sassauta tiyon mai: ko ɗigo bai fito ba, a bushe yake ƙamas. Ko ni da ban san komai ba na ga inda maganar ta nufa. Amma sai ya ce in kwanta ƙarƙashin mota in bi waya tun daga inji har tanki, ko ɓera ya ci. Na shimfiɗa kwali na kwanta, sanyin siminti yana ratsa mini baya, ina shafa wayar da na san lafiyarta ƙalau. Daga nan ya ce mu ciro sansar da ke gaya wa ƙwaƙwalwar mota cewa inji yana juyawa. Muka ciro, muka goge, muka mayar.

Da tsakar rana Jeguk ya zo da kwanon miyar waken suya da na'urarsa ta binciken mota a hammata. Ya jona ta ƙarƙashin sitiyari, ya yi ta latse-latse yana ɗaure fuska.

"Baba, ƙwaƙwalwar ce ta mutu. Sai an yi oda daga Seoul. Irin wannan tsohuwar, mako biyu ko uku."

"Ƙwaƙwalwa ta mutu, injekta kuma tana ƙas-ƙas?"

"Baba, zamanin sa sukudireba a kunne ya wuce. Abin da na'ura ta faɗa ke nan."

"Nuna mini."

"Rubutun ƙanana ne, ba za ku gani ba. Ku shiga ciki ku sha miya tun da zafinta. Kawu ma ya gaji, dubi bayansa."

Mandok ya dube shi, kallo mai tsawo, irin wanda yake yi wa inji kafin ya taɓa shi. Jeguk ya sunkuyar da kai yana naɗe waya. Tsohon ya karɓi miyar ya ajiye a kan katanga, nan ta huce.

Da yamma matata, Maman Bora, tana barbaɗa wa kabeji gishiri, ta ce ba tare da ta ɗago ba, "Mutumin da yake jin ciwon mota daga tsallaken titi, yau kwana biyu? Akwai magana."

"Tsufa ne."

"Tsufan wa? Kai tun shekaranjiya ba ka gama kwanon shinkafarka."

Na ce mata cikina ne. Ta dube ni ta ci gaba da gishirinta.

Rana ta uku sai da na shiga na tallafo shi. Ƙafafunsa sun kumbura, takalmi ya ƙi shiga, silifas ya sa a kan safa. Daga ɗaki zuwa bakin ƙofa muka tsaya sau uku. Da ya zauna, bai ce in ɗauko sifana ba. Ya daɗe yana kallon bonet a buɗe.

"Buɗe akwatin fiyus."

Na buɗe.

"Baƙin nan na uku daga hagu. Rile ake ce masa, shi ke ba famfon mai wuta. Zaro shi."

Na zaro shi. Na sa masa a tafin hannu. Ya juya shi. A gindinsa akwai alamar giciye da jan fenti.

"Ka san wannan alamar?"

"Taka ce, Yaya."

Duk abin da ya mutu ya cire daga mota, yakan yi masa giciye da jan fenti ya jefa a wani tsohon gwangwanin biskit, don kada wata rana a yi kuskure a sa wa wani. Tun ina kai masa wasiƙa gareji nake ganin haka.

"Wannan ni na cire shi daga motar mai sayar da awara, shekara shida ke nan. Gwangwanin yana saman kabad a gareji. Mutum biyu ne a duniya suka san inda yake."

Na rasa inda zan sa idona. Na ce, "Yaushe ka gane?"

"Tun murɗawar farko. Famfo bai yi kuka ba, fiyus lafiya. Wanda ya yi wata uku a gareji ma ya san abin da ke biye."

"To me ya sa muka kwance rabin inji? Me ya sa na kwanta a siminti?"

"Wani laifin nake nema." Ya tsaya ya ja numfashi, ƙirjinsa yana ƙara kamar ana yaga takarda. "Na ce ko ɓera. Ko sansa. Ko wani abin da zan ɗora wa. In na buɗe wannan, shi ke nan, na gani."

Wata babbar mota ta wuce a kan gada, ƙararta ta zo ta tafi.

"Rilen ham irinsa ne sak," in ji shi. "Ka cire na ham ka sa a nan, ta tashi. Aikin minti ɗaya."

"Bari in sa!"

"Bar shi."

"Yaya, minti ɗaya ka ce."

"Shekaranjiya da na kai. Ko da rarrafe ne da na kai. Dubi ƙafar nan. Ko kuloci ba za ta taka ba." Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Kwana uku suka rage mini masu amfani, na ƙarar da su wajen wanke ɗana. Ka gani? Wannan karon ma shi na zaɓa."

"Mu ɗauki tasi. Ni zan raka ka. Ko ka faɗa in rubuta, in kai mata da hannuna. Aikina ne shekara talatin."

"Abin da baki ya ɓata, baki ne zai gyara." Ya miƙo mini rilen. "Mayar da shi inda ka same shi. Kada ya san na gani."

Na mayar. Ina rufe akwatin, sai na ji ya ce a bayana, a hankali, kamar mai tambayar farashin albasa:

"Tagarka tana kallon ƙofar nan."

Ban juyo ba.

"Kullum kai kake riga kowa tashi a layin nan."

"Yaya, likita ne ya ce..."

"Ban tambaye ka likita ba."

Na tsaya hannuna a kan bonet. Ina jin yadda yake kokawa da sanda yana son miƙewa. Na juya zan kama shi, ya janye gwiwar hannunsa.

"Na gode da aiki. Sauka lafiya, Malam Gil."

Shekara talatin da ɗaya Yongdal yake kirana, wani lokaci "kai mai jaka". Bai taɓa ce mini Malam Gil ba sai ranar. Na tsaya ina kallonsa yana bin bango shi kaɗai, taku ɗaya, hutu, taku ɗaya, har ya shige ya ja ƙofa.

Washegari na samo lambar wani mai tasi da ya yarda zai yi tafiyar Tongyong. Na ƙwanƙwasa ƙofar Mandok da hantsi. Ina jin rediyonsa, ina jin tarinsa, amma bai amsa ba. Na rubuta lambar a takarda na cusa ta ƙasan ƙofa.

Ranar ce matan layin suka taru a gidanmu haɗa kimci, kabejin da ake cuɗawa da gishiri da barkono a ajiye don hunturu. Da la'asar Maman Bora ta ɗebi sabo a kwano, da dafaffen nama mai zafi, ta kai masa. Ita ya bar wa ƙofa a buɗe ko kuwa mantawa ya yi, ban sani ba. Ban ji ihu ba. Sai ganinta na yi ta dawo da kwanon a hannu, safar hannunta ta roba ja-wur da barkono, ta tsaya a tsakar gida.

"Baban Bora. Je ka kira Jeguk."

A zaune ta same shi a dakalin katako, rai ya yi halinsa, ya jingina da ginshiƙi, sanye da baƙar kwat ɗinsa ta zuwa biki, an ɓalle maɓalli ɗaya ba daidai ba. Ya yi aski. Takardata tana ƙasa inda na cusa ta, bai ɗauka ba.

Aka yi zaman makoki kwana uku a zauren asibiti. Kafin azahar ɗin washegari sai ga Unsil ta shigo, ta rame, furfura ta fara fito mata a goshi. Ta ajiye farin fure a gaban hoton, ta durƙusa ta kai goshi ƙasa sau biyu, ba ta yi kuka ba. Maman Bora ta kama hannunta ta ce, "'Yar nan, ya aka yi kika ji?"

"Yaya Jeguk ne ya kira ni."

"Yana da lambarki?"

"Tun shekarar da na canza ta na ba shi. Na ce in Baba ya neme ni, ya ba shi."

Ina zaune a teburin kusa, cokali a hannu. Na ajiye shi.

Safiyar rana ta uku aka biyo da gawar ta gida, don a zaga da hotonsa ɗaki-ɗaki kafin a hau dutse inda kabarin matarsa yake. Dusar ƙanƙara ta farko ta fara sauka tun asuba, siririya. Motar gawa ta tsaya a bakin layi, domin farar motar ta tare hanya. Mutane suka sauko daga bas ɗin 'yan rakiya suna buɗe lema. Unsil ta hango ni a ƙofar gidana, ta tako ta tsaya a gabana, ta ba gidan ubanta baya.

"Kawu, ku kuke kusa da shi. Ku gaya mini gaskiya. Ya taɓa ambata na?"

"Wurinki za shi. Kwana uku muna fama da motar nan don ya zo gare ki. Ta ƙi tashi."

Ta yi murmushi, irin na wanda aka ba maganin da ya san ba ya aiki.

"Babana? Kwana uku mota ta gagare shi? Kawu, na gode, amma ni ba yarinya ba ce. Yaya ya riga ya gaya mini. Ya ce ko sau ɗaya bai kira sunana ba."

Ta saman kafaɗarta ina ganin Jeguk, cikin baƙar kwat da ƙyallen makoki a dantse. Ya ɗaga bonet kaɗan. Hannunsa ya shiga aljihu, ya fito, ya shiga akwatin fiyus. Ya rufe bonet ba ƙara, ya zaga ya zauna. Daga inda nake tsaye na ji ɗan kukan famfon, siriri, daƙiƙa biyu. Murɗawa ɗaya injin ya kama, ya zauna lafiya lau, farin hayaƙi yana fita ta baya.

Unsil ta waiwaya ta dubi motar, ta dawo da idonta kaina.

"Kun ji? Lafiyarta ƙalau."

Ta juya za ta tafi. Na ce, "Tsaya, 'yar nan."

Na gaya mata. Ban gyara komai ba. Na faɗi safiyar da na buɗe taga, da abin da wanta ya zare ya sa a aljihu, da jan giciye, da maganar da ubanta ya yi a rana ta uku, da baƙar kwat da askin da ya yi. Ta saurara ba ta motsa ba, dusa tana sauka a gashinta tana narkewa.

"Shi ya sani?"

"Tun ranar farko."

"Amma bai canza shi ba."

"Bai so ya gani ba."

Ta gyaɗa kai a hankali.

"Ku fa, Kawu? Kun ce kun gani ta taga."

"Na gani."

"Kafin ya fara?"

"Kwana biyu kafin nan."

"Kwana biyar ke nan." Ta ƙirga a hankali kamar mai gudun kuskure. "Da kun buɗe baki ranar farko, da ya iso?"

"Ya ce da ya kai."

"Ku kuka koya mini hawan keke a layin nan," in ji ta.

Ta wuce wanta da ke fitowa daga motar, ko kallonsa ba ta yi ba, ta karɓi hoton daga hannun wanda yake riƙe da shi, abin da ba a saba mace ta yi ba. Wani tsoho cikin dangi ya buɗe baki zai yi magana, ya ga fuskarta, ya fasa. Ita ta zaga da ubanta ɗaki-ɗaki. Da ta fito, ta shiga bas ta zauna gaba, hoton a cinyarta, fuskarsa tana kallon ƙirjinta.

Maman Bora ta bi su dutse. Da za ta hau bas ta dube ni, ba ta ce in zo ba, ni ma ban motsa ba. Jeguk ya bar motar can gangare, gefen shagon wanki da guga, ya ruga ya shiga motar gawa. Suka juya ta wajen gada, layin ya yi tsit.

Na tsallaka na tsaya a ƙofar gidansa. Ko'ina ya yi fari, sai inda motar ta daɗe a tsaye: simintin wurin a bushe, mai kusurwa huɗu, da 'yan busassun ganyaye da iska ta tara a ƙarƙashinta tun kaka. Dusar ta fara sauka a kansa. Ta farko tana taɓa simintin tana narkewa. Can kuma ta fara zama.